Na Ce Masa Ƙirji Kawai Za A Taɓa

Assalamu alaikum, matan da ke riƙe da yara a ƙasar nan, da na gida duk wadda wannan ya iske. Sunana Hajiya Tabawa, mutuniyar Bichi. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina zaune ne a kan darduma ina faɗa, surukata Fa'iza tana dannawa a waya, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko a inda ban fito da kyau ba. Yaron da zan ba ku labarin jinyarsa yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Na fara da wannan ne don kada mai ciki ko mai hawan jini ta karanta da fargaba.

Wankan jego ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Ɗana Nasiru yana karatu yana kuma koyarwa a jami'ar da ke kan titin Jalan Semarak, matarsa ta kusa haihuwa, mahaifiyarta kuwa Allah ya yi mata rasuwa. Na zo da daddawa da kuka da kanwa, da niyyar in an yi arba'in in koma. Fa'iza ta sauka lafiya, aka sa wa yarinya Husna. Ba mu kai arba'in ɗin ba korona ta rufe gari, jirgi ya daina tashi. Na maƙale a can saman bene, inda ko carar zakara ba a ji.

Babban ɗansu sunan marigayi mijina gare shi, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba. Iyayensa suna ce masa Abba, ni ina ce masa Maigida. Shekararsa tara a lokacin. A nan ya yi wayo, Hausarsa duk ta cakuɗe da yaren mutanen ƙasar. Da safe in ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" Ya ce, "Boleh lah, zan ba ki, Hajiya, amma sai kin sa sababbin haƙora." In ce miji marowaci ba zai ga tuwona ba. Ya ce shi in ya girma 'ya'ya goma zai haifa, ni ce mai goyo, kuma ba zai biya ni ko sisi ba. Haka muke wuni.

Ni mace ce mai sa ido, 'ya'yan maƙwabtana a Bichi za su ba da shaida. Ni na fara gani. Bayan ƙaramar salla ya soma rage abinci. Ya riƙa kwanciya a tsakar falo da rana tsaka. Na kama tafin hannunsa na ga ya yi fari fat. Sai baƙin tabo a ƙwauri, yaron da ko ƙofa ba ya fita. Na ce wa Nasiru yaron nan ba shi da jini. Ya ce, "Hajiya, zaman gida ne, duk yaran haka suka zama." Na yi shiru na kwana biyu, ran nan na ga jini a buroshinsa na goge baki, na kai wa ubansa har gaban kwamfutarsa yana tsakiyar koyarwa.

Makon farko a ƙaramin asibitin unguwa ya ƙare. Da ka ce zazzaɓi sai a tura ka rumfa a waje, a zura maka tsinke a hanci. Aka ce ba korona ba ce. Aka gwada zazzaɓin sauron nan nasu, shi ma babu. Aka ba mu maganin zafin jiki muka dawo. Mako na biyu dasashinsa ya kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, sai aka ɗebi jini sosai. Da yamma aka kira Nasiru aka ce ya kawo shi babban asibiti yanzu, kada ya jira gobe. Kansar jini, in ji su.

Dokar korona ta ce mutum ɗaya ne zai zauna da mara lafiya, kuma in ka shiga ka shiga ke nan, ba a canji sai an yi gwaji an jira. Ɗakin yara kuwa, mata ne kawai ke kwana a ciki. Fa'iza tana shayarwa. Saura ni. Na ɗaure kayana a zane na bi shi.

Ku lura da wannan, don a kansa komai ya rataya. Ban iya Turanci ba, ban iya yarensu ba. Maigida ne bakina, shi ne kunnena. Nas ta yi magana, ya juya mini. In yi tambaya, ya juya mata. Suna kirana Nenek, wato kaka. Kalma biyu na kama a wata na farko: makan, cin abinci, da sakit, ciwo. Manyan maganganu kuwa likita kan kira Nasiru da Fa'iza a waya ta yi musu, su kuma su faɗa mini.

Ba zan ja ku da labarin watannin nan ba, duk wadda ta yi jinyar wannan ciwo ta sani. Ruwan magani ja da fari a jijiya. Amai. Gashi ya zube a kan matashi, na tattara na ƙulle a leda don ban yarda a share gashin mutum a zuba a shara ba. Baki ya yi gyambo har ruwa ba ya shiga sai da kuka. Daga gida kuwa saƙon murya ba ya yankewa: wannan ta ce ganyen gwanda, wancan ya ce nonon raƙumi, wata ta ce a kawo shi gida akwai mai magani a Ɗanbatta, kamar ba ta san an rufe sama ba. Habbatus sauda da zamzam na yarda da su, sauran na ce Allah ya saka da alheri.

Kuɗi kuwa, baƙo a ƙasar nan ba ya biyan abin da ɗan ƙasa ke biya. Na aika aka sayar da gonata ta bakin rafi. 'Yan'uwanmu na nan suka yi karo-karo, har ɗalibai waɗanda su ma iyayensu ke aiko musu. Matan malamai suka raba kwanaki, kowace da ranar girkinta, a kawo a ajiye wajen mai gadi. Nasiru ya gano Indiyawan unguwar Brickfields suna sayar da gero da tsamiya, Fa'iza ta riƙa dama kunu tana aikowa a fulas, an tafasa shi sosai yadda likita ta yarda. Kunun nan shi ya riƙe yaron. Daga hannuna kaɗai yake sha, ina ba shi yana tsokanata wai hannuna na rawa kamar na mai kaɗa kalangu. Nas-nas ɗin ba ni da abin cewa a kansu sai godiya, ko da yake sanyin ɗakin ya kusa kashe mini gwiwa, abincinsu kuma shinkafa ce safe da rana da dare, ba gishiri ba yaji.

Bayan wasu watanni aka sallame mu hutun mako guda. A cikin makon ne Nasiru ya same ni a ɗaki bayan la'asar, ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Fa'iza ta tsaya a bakin ƙofa da Husna a kafaɗa. Ya ce ciwon yaron mai taurin kai ne, sai an yi masa dashen ɓargo, kuma nasa shi Nasiru ya dace, shi zai bayar. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce akwai saura. Ya yi ta kewaye-kewaye har na ce masa, "Ka faɗa, ni na haife ka."

Ya ce kafin dashen za a ba yaron wani magani mai ƙarfi da zai ƙone tsohon ɓargon, kuma yakan ƙone har da irin haihuwa. Da babba ne, sai a ɗebi maniyyinsa a ajiye. Shi kuwa bai balaga ba, babu abin ɗiba. Amma a cikin marainan yaro akwai asalin irin, yana kwance yana jiran lokacinsa. Likitoci suna iya yankar ɗan ƙanƙani, kamar ƙwayar wake, su ajiye a wani sanyi da ya fi ƙanƙara, ya yi shekaru bai lalace ba. In ya girma aka ga ba ya haihuwa, wataƙila a mayar masa. Ya nanata mini wataƙilar nan. Ya ce likita ta ce har yanzu ana kan binciken yadda za a mayar, ba ta yi alkawarin komai ba, kuma ba dole ba ne. Za a haɗa da ranar da za a sa masa robar magani a ƙirji, allurar barci ɗaya. Sai dai jininsa ba ƙarfi, ƙaramin rauni ma yana iya zama babba. Ya tambayi malami, an ce nasa ne za a mayar masa, babu laifi.

Fa'iza ta ce, "Hajiya, ni dai jikinsa ya gaji. A bar shi ya rayu tukuna, haihuwa ta Allah ce."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni a lokacin Yaya Sule nake gani, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin kirki, mai gona, mai kyauta, bai taɓa haihuwa ba. Na ga yadda ake sauke murya in ya shigo wajen suna. Na ga ranar da ya rasu, 'ya'yan wasu ne suka zauna karɓar gaisuwa, kafin sadakar bakwai an fara maganar wa zai ɗauki garmarsa. Ni kuma na haihu da yawa, Nasiru kaɗai Allah ya bar mini. Na ce, "A yi." Fa'iza ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe. A gidan nan in na ce a yi, an gama magana. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba sai daga baya.

Har yau ban ce yin aikin kuskure ne ba, kada wata ta fahimce ni a karkace. Kuskuren yana gaba.

Likita ta ce sharaɗi ne a gaya wa yaron, da kalmomin da zai gane, don jikinsa ne. Nasiru ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Kun san kunyar ɗan fari. Uban da ko ɗaukarsa ba ya yi a gaban mutane, yaya zai zaunar da shi ya yi masa zancen gabansa? Fa'iza ko Abban ba ta kira a gabana sai dai "wannan yaron". Suka ce, "Hajiya, ke ce abokiyar wasansa, ke babu abin da ba kya faɗa masa." Haka ne kuwa, a wajenmu abin da uwa da uba ba sa iya furtawa kaka ce ke faɗa cikin raha. Na ce ku bar mini.

Na yi niyya, Allah ya sani. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi. Har muka koma asibiti, har safiyar aikin ta zo, an hana shi ci, an sa masa rigar nan mai ɗaurin baya. Na zauna a bakin gado na ce, "Maigida, yau za a yi maka ɗan aiki."

Ya ce, "Na sani, roba a ƙirji. Kabita ma tana da ita." Kabita 'yar Indiyawa ce da ke gadon kusa da mu.

Na ce, "E."

Ya dube ni. Yaron yana da ido irin nawa. Ya ce, "Ita kaɗai?"

A nan ne. Na ji tausayinsa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: na ji tsoron in na faɗa ya ce ba ya so, ya yi kuka, likitar nan mai sauraron yara ta saurare shi, a fasa. Na ce, "Ƙirji kawai za a taɓa."

Ya ce, "Ki rantse."

Na ɗaure fuska na ce, "Ni za ka sa rantsuwa? Na taɓa yi maka ƙarya?"

Ya yi murmushi ya ce, "A'a. Sai dai ranar da kika ce ke kyakkyawa ce."

Likita ta shigo da sauri, fuska a rufe sai idanu, ta yi masa magana, ya amsa, ta ɗaga mini babban yatsa. Na ce me ta ce? Ya ce, "Ta ce ko Nenek ta yi mini bayanin abin da za a yi yau. Na ce kin yi." Da bakinsa ya fassara mini. Aka tura gadon.

Da ya farfaɗo bayan azahar, ya taɓa ƙirjinsa, ya ga roba. Can ya motsa ƙafa, ya yamutsa fuska, ya zura hannu ƙarƙashin mayafi. Ya daɗe hannun na can. Bai tambaye ni ba. Ya jira nas ta zo, ya tambaye ta da yarensu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ja kujera ta zauna ta yi masa magana a hankali. Ban ji ko kalma ba, amma na san duk abin da ta ce. Da ta tashi ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina Hausa. Na ce, "Maigida, kunu." Shiru. Na ce, "Miji ya yi fushi, bari in tafi gidanmu." Ko gezau. Na zuba kunun a kofi, ya ture da bayan hannu. Uwar Kabita ta miƙo masa biskit ya karɓa ya yi mata godiya. Nas ta ba shi magani ya haɗiye. Ni kaɗai ce babu. In ubansa ya kira, ya amsa da Turanci a gajarce ya ajiye. Ni kuma na ce wa iyayensa rigimar ciwo ce, zai huce. Ban gaya musu dalili ba.

Na zama kurma kuma bebiya a ɗakin. Nas ta zo ta yi dogon bayani tana nuna ƙasan cikinsa, ta ce ya faɗa mini, ya gyaɗa kai, bai faɗa ba. Sai da Fa'iza ta kira ta ce, "Hajiya, an ce ki riƙa duba wajen safe da yamma, in ya kumbura ko ya yi ja ki faɗa nan take." Kwanakin farko su da kansu suke dubawa, wajen ya yi kyau, suka cire auduga suka bar mini. Lokacin korona ta sake tashi a gari, an kwashe rabin ma'aikatan an kai wani ɓangare, waɗanda suka rage gudu kawai suke yi.

Na zo dubawa, ya riƙe wandonsa da hannu biyu ya zuba mini ido. Ni da nake danne yaro da gwiwa in ɗura masa magani, ni da ko Nasiru da gemunsa ba ya musu da ni, na kasa. Na ji ba ni da hurumin taɓa wajen. Na saki. Wanka ya ce shi zai yi, ya nuna da hannu in tsaya a waje. Nas ta tambaye shi sakit, ya girgiza kai.

Kuma na gani. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na ga yana tafiya banɗaki ƙafafu a buɗe. Na ga yadda yake zama a gefe ɗaya. Macen da ta gano ciwo a tafin hannu ba za ta kasa gane wannan ba. Na san kalmar sakit, na san inda teburin nas yake. Na ce wa raina ɗinki ne ke ja, gobe zai saki. Don in na kira su za a kira iyayensa, a tambayi me ya sa yake ɓoyewa, a zo kan abin da na yi. Na ba kaina kwana ɗaya, na ƙara wani.

Da asuba ina rama shafa'i da wutiri don na makara, na ji gadon yana kaɗawa. Sanyi ne ke girgiza shi, haƙora na haɗuwa, jiki kamar garwashi. Na fita da gudu ba mayafi ina ihu, "Sakit! Sakit!" Da suka yaye zanen sai na ga wajen. Ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Ƙwayar cuta ta shiga raunin ta bi jini. Aka tura shi ɗakin da ba a shiga, aka rufe ƙofa.

Kusan mako biyu ina kan kujera a baranda, don in na fita ba za a bar ni in dawo ba. Uwar Kabita takan zo ta ajiye mini shayi ta ce, "Makan, Nenek," ta dafa kafaɗata. Ba mu da yare ɗaya, Allah ya saka mata. Aka ɗage dashen. Likita ta gaya wa Nasiru cewa dole a jira raunin ya warke, kuma kowane mako na jira dama ce ga ciwon ya dawo, in ya dawo kuwa aikin ya koma baya. Ta ce da an gani da wuri, da maganin kwana kaɗan ya isa.

A waya na gaya musu komai, daga ƙirji kawai har kwana biyun da na yi shiru. Nasiru ya ce, "Hajiya, mu muka ɗora miki. Ni ne ubansa." Fa'iza, wadda ta ce kada a yi na harare ta, washegari ta aiko da kunu da man zafi na gwiwata. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Allah ya yi da sauran kwana. Aka dawo da shi ɗaki, ya rame har wuyansa kamar ba zai ɗauki kan ba. Na ja labule na zagaye gadon. Ban zauna a bakin gado ba, na zauna a ƙasa inda zai ga fuskata. Na ce, "Maigida, ba sai ka amsa ba. Na yi maka ƙarya. Na san za a taɓa wajen, ni na ce a yi." Na ba shi labarin maganin da ke ƙone iri, da ɗan abin da aka ɗiba, da Yaya Sule. Na faɗa da sunayen abubuwan, ban sakaya ba.

Sai ya ce da Hausa, murya a dishe, "Yana ina?"

Na ce yana wani ɗaki a asibitin nan, cikin tukunyar sanyi, da sunanka a jiki.

"Babba ne?"

"Kamar wake."

"Zai yi aiki?"

Na ce, "Ko likita ba ta sani ba."

Ya ce, "To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Na ce, "Na ji tsoro ka ce a'a."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Da kin faɗa mini, kuka kawai zan yi. Shi ke nan."

Na zuba kunu na miƙa, hannuna na rawa, bai yi zancen kalangu ba. Ya leƙa kofin ya ce, "Akwai magani a ciki?" Na ce babu. Ya ce, "Ki rantse." Na rantse da Allah, ni Tabawa, a kan kofin kunu. Sannan ya sha.

Ciwon bai dawo ba a lokacin jiran, wannan rahama ce ba dabarar kowa ba. Aka yi dashen. Wahalarsa ta fi duk ta baya: bakinsa ya sake fashewa, fata ta yi ƙuraje, aka killace mu a ɗaki mu biyu har na manta kalar rana. Amma duk abin da za a yi masa, likita takan tsaya ta gaya masa da kanta, ni na roƙi hakan ta bakin Nasiru. In allura mai zafi ce a ce mai zafi ce. Yakan yi kukansa, ya share, ya miƙa hannu. Ko sau ɗaya bai ƙi ba. Ɓargon ubansa ya kama, jini ya fara hawa, aka sallame mu.

To, ga abin da ya sa na sa aka rubuta. In likita ta kawo muku zancen ajiye irin yaro, ku saurara, ku yi tambaya, ku yi shawara, kowane gida da abin da ya fi masa. Amma ku gaya wa yaron. In uwa da uba kunya ta hana su, kada su miƙa wa tsohuwa su juya baya, su tsaya a wajen su ji ta faɗa da kunnensu. Kuma wadda take jinya a ƙasar da ba ta jin yare, kada ta bar yaro mara lafiya ya zama shi kaɗai ne bakinta. In kin ga abu, ki faɗa a ranar, ko da faɗar za ta tona ki.

Yanzu gashinsa ya fito, ya koma makaranta, muna zuwa asibiti a duba jini lokaci-lokaci. Wasanmu ya dawo, har ya raka ni kantunan Jalan Masjid India sayen tsaraba yana ce wa mai kanti matarsa ce ni, a rage mana. Zancen 'ya'ya goma dai bai sake yi ba, ni ma ban tayar ba. Rantsuwa kuwa ta zauna. "Hajiya, akwai kifi a miyar nan?" Babu. "Ki rantse." "Gobe ba za a ɗebi jini ba?" Ba za a ɗiba ba. "Ki rantse." Ubansa ya so ya tsawata masa, na ce a bar shi, ni na jawo.

An buɗe hanya, jibi in Allah ya yarda zan tafi gida. Jiya ina ɗaure kaya ya zo ya zauna a kan akwatina don kada ya rufu. Ya ce, "Hajiya, za ki dawo?"

"E" tana bakina, har na buɗe. Na tuna shekaruna, da gwiwar nan, da nisan hanya. Na ce, "Ban sani ba, Maigida. Ina so, amma ban sani ba."

Ya dube ni da idon nan nasa. Sai ya sauka daga kan akwatin, ya taya ni danne murfin har ya rufu. Bai ce in rantse ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe wa masu jinya abin da suka gani suka yi shiru.